Kafaɗar da ta ƙi warkewa bayan faɗuwa a babur

Na gaji da jin wannan magana: "Ai an yi hoto, babu karaya, targaɗe ne kawai." Mutum ya faɗi a kan babur, wata biyu ya wuce, har yanzu ba ya iya ɗaga hannu ya yi kabbara yadda ya saba, sa riga sai matarsa ta taimaka, da dare in ya juya ta wannan gefen sai ya farka. Amma duk wanda ya zo dubiya sai ya ce a kai shi a ja.

A ja me? Kafaɗa ba ƙashi ba ce kaɗai. Kan ƙashin dantse yana zaune ne a wani gurbi marar zurfi, kamar lemo a kan murfin kwalba, kuma tsokoki huɗu da jijiyoyinsu ne ke riƙe da shi. Idan mutum ya dafa ƙasa da hannu lokacin faɗuwa, ɗaya daga cikin jijiyoyin nan na iya yagewa, musamman ga wanda ya haura shekara 40. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna wannan yagewa. Sai an yi sikanin, irin wanda ake yi wa masu ciki, ko hoton MRI. Don haka "babu karaya" na nufin ƙashi lafiya, bai ce komai game da jijiya ba.

Ban raina masu ɗori ba, sana'ar gado ce, amma jijiyar da ta yage ja ba ya haɗa ta, murza da man zafi ma haka. Ƙara yaga ta ake yi. Tsaga da ƙaho don fitar da "mataccen jini" kuwa ƙarin ciwo ne a kan ciwo. Abin takaicin shi ne lokacin da ake ɓatawa: jijiyar da ta tsinke gaba ɗaya tana janyewa baya, tsokar ta shanye, har ta kai likita ya kasa ɗinke ta. Asibitin ƙashi na Dala a Kano yana nan tun 1959, amma da yawa ba sa zuwa sai an gama zagaye da su.

Wasu kuma ɗaure hannun suke yi a wuya wata guda cur, kafaɗar ta sandare. Wannan sandarewa takan ɗauki shekara ɗaya ko fiye kafin ta saki, kuma ta fi kama masu ciwon suga.

In likita ya tabbatar babu karaya ko gocewa, kwana kaɗan ya isa a rataye hannu. A kwanakin farko a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20. Daga nan a fara motsi a hankali: ka sunkuya, ka dafa tebur da lafiyayyen hannu, ka bar mai ciwon yana lilo. Bayan haka ka fuskanci bango, yatsu su riƙa hawa sama kaɗan-kaɗan, ka tsaya inda zafi ya fara tsanani. Wajen kwanciya ka rungumi matashi a ƙarƙashin hannun. Ɗaukar jarka da tura babur su jira tukuna. Ka nemi a tura ka sashen gashi, ka kuma riƙa zuwa, ba sau ɗaya ba. Diclofenac da ake saya a kemis ana sha safe da yamma har wata uku yana jawo gyambon ciki, yana lahanta ƙoda. Tiramol ma kada a fara.

In sati shida ya wuce babu sauƙi, a koma asibiti. Akwai alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya: hannu ya mutu ko yatsu su daina ji, kafaɗa ta sauya siffa, ko kafaɗar hagu ta riƙa ciwo tare da jiri da ciwon ciki bayan faɗuwar, domin wannan na iya zama saifa ce ta fashe tana zubar da jini a ciki.