Safo: Injin na kuka, taya ta ƙi juyawa

A Safo, gundumar Madarunfa a jihar Maradi, tsohuwar ƙaramar tarakta da ta tsaya a farkon damina na iya jawo wa manomi asarar shuka. Ɗan'uwa da ke ci-rani ake bugo wa waya: turo kuɗin sabuwar giya.

Kafin ka tura, sa a duba bel. Idan injin na aiki amma taya ba ta motsi, galibi shi ne ya saki, ƙaurin roba ne shaida. Idan sai an ɗaura garma take kasawa, kuloci ke zamewa. In ana jin ƙara kamar niƙa, a tsiyaye man giya: ɓurɓushin ƙarfe a ciki na nufin haƙora sun cinye. Nan ne kuɗi zai fita da gaske.