Kwamfutar Shago da Sabuntawar da Aka Kashe

Yawancin kwamfutocin da ke shagunan buga takardu, da kantunan magani, da ofisoshin ƙananan makarantu a garuruwanmu, na hannu ne. Ranar da aka sayo, mai gyara zai zuba mata Windows daga filash ɗinsa, ya ɗora Word da Excel da CorelDraw, sannan kafin ya miƙa ta sai ya shiga ya kashe sabuntawa ɗungurungum. "Alhaji, na kashe maka abdet, kada ta riƙa shanye maka data." Mai shago ya yi godiya, har ya ƙara masa na shan ruwa. Da kyakkyawar niyya aka yi, amma a cikin duk abin da aka yi wa kwamfutar nan a ranar, babu wanda ya kai wannan cutarwa.

Windows babbar manhaja ce, ita ke riƙe da duk sauran manhajoji da fayiloli, kuma mutane ne suka rubuta ta, layi miliyoyi. Aiki mai wannan girma ba ya rasa kuskure. Wasu kurakuran ba su wuce su sa kwamfuta ta daskare ba, wasu kuwa kafa ce da wani zai bi daga nesa ya shigo ba tare da ya san kalmar sirrinka ba. Kamfanin Microsoft yana sakin gyaran irin waɗannan kafofi a ranar Talata ta biyu ta kowane wata. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ranar da aka saki gyara, ranar ce aka tona asirin ɓarakar. Masu kutse sukan ɗauki gyaran su kwatanta shi da tsohon rubutu, su gano daidai inda matsalar take. Kamar maƙerin kwaɗo ne ya yi shela a kasuwa cewa kwaɗo samfurin kaza yana buɗewa da waya, kowa ya zo a canza masa kyauta. Ɓarayi ma sun ji shelar. Wanda bai je ya canza ba, ya fi jiya shiga haɗari.

Abin da ya faru a 2017 ke nan. A ranar 14 ga Maris, Microsoft ya saki gyaran wata ɓaraka da ke cikin hanyar da kwamfutoci ke musayar fayil da juna. A watan Afrilu wani gungu mai suna Shadow Brokers ya watsa makamin kutse da ke amfani da wannan ɓaraka, wanda aka sato daga hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA. A ranar 12 ga Mayu sai ga WannaCry. Muguwar manhaja ce da ke kulle duk fayilolin kwamfuta, ta nemi fansar dala 300 a kuɗin Bitcoin, sannan ta tsallaka da kanta zuwa kwamfutar da ke kusa, ba sai wani ya latsa komai ba. Cikin 'yan kwanaki ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin marasa lafiya kusan 19,000, kuma ma'aikatar lafiya ta ƙiyasta asarar da fam miliyan 92. Maganin yana nan kyauta kusan wata biyu kafin bala'in ya sauka. Mafi yawan kwamfutocin da suka kamu ma Windows 7 ce a kansu, wadda a lokacin ana ba ta gyara, ba a dai ɗora ba ne.

Mai ƙaramin shago zai ce, to ni wa ya san da ni? Babu wanda ya sani, kuma ba a bukatar a sani. Ba mutum ne ke zaune yana zaɓen wanda zai yi wa sata ba. Manhaja ce ke bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya, dare da rana, duk inda ta tarar a buɗe ta shige. Ba ruwanta da ko banki ne ko shagon hoto. Bambancin kawai, babban kamfani yana da ma'aikatan kwamfuta da ajiyar bayanai a wani wuri. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya yi asarar da ta kai wajen dala miliyan 300 a harin wata muguwar manhaja mai suna NotPetya a watan Yunin 2017, kuma ya miƙe. Mai kantin magani da lissafin kayansa da sunayen masu bashinsa na shekara biyar suke cikin fayil ɗin Excel guda, idan aka kulle shi, sai dai ya koma roƙon masu bashi su faɗi gaskiya.

Kuma ba kayansa kaɗai ke ciki ba. Ka leƙa kwamfutar kowane shagon buga takardu a lokacin rajistar JAMB ko neman aikin gwamnati, za ka tarar da hotunan fasfo, da takardun NIN, da sakamakon jarrabawa, da takardun haihuwa na mutane barkatai a fuskar allo, kowa ya zo an yi masa sikan an bar kwafi. Amana ce aka bari a wurin. Tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa mai riƙe da bayanan wasu alhakin tsare su.

Akwai kuma ranar da gyaran yake ƙarewa baki ɗaya. An daina kula da Windows XP a Afrilun 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai dai ga wanda ya shiga wani tsarin ƙarin wa'adi na ɗan lokaci. Kwamfutar ba za ta mutu a ranar ba, za ta kunnu ta buga takarda kamar kullum, shi ya sa ake yaudaruwa. Amma duk ɓarakar da aka gano daga ranar, a buɗe za ta zauna. Sauran manhajoji ma sukan janye a hankali: Chrome ya daina sabuntuwa a kan Windows 7 tun farkon 2023, alhali da shi ake shiga shafin banki.

Masu kashe sabuntawa suna da hujjojinsu, kuma ba na raina su. Data tana da tsada. Ga wuta: mutum yana kan janareta, kwastoma na tsaye yana jira, kwamfuta ta ce kada a kashe ta tana aiki, ta tsaya a kashi 30 kamar ba za ta motsa ba. Sannan gaskiya ne sabuntawa takan zo da nata aibi. A Oktoban 2018 wata babbar sabuntawar Windows 10 ta goge wa wasu fayilolinsu, sai da Microsoft ya janye ta. Wani lokacin kuma tsohuwar firinta ce za ta ƙi aiki. Duk da haka maganin waɗannan tsari ne. A cikin saitin Windows akwai inda za ka gaya mata lokutan aikinka don kada ta sake kunna kanta a cikinsu. Akwai inda za ka nuna mata datarka ƙidayayya ce, ta rage saukar da abin da bai zama dole ba. Ana iya dakatar da sabuntawa har mako biyar idan ana tsakiyar hada-hada. A ware yammaci ɗaya a wata, bayan Talatar nan ta biyu, a kwafe muhimman fayiloli a wani faifai na waje, a cire shi daga jikin kwamfutar, sannan a bar ta ta sabunta. Cirewar tana da muhimmanci, domin manhajar fansa tana kulle duk faifan da ta tarar a jone.

Akwai wata hujjar da ba a cika faɗa ba: tsoron kada sabuntawa ta tona cewa Windows ɗin ba ta da lasisi. Windows 11 tana karɓar gyaran tsaro ko da ba a saka mata lasisi ba. Haɗarin yana cikin 'yan manhajojin da ake saukowa daga shafuka marasa asali don a fasa lasisin, domin ta cikinsu ake yawan cusa manhajar satar kalmar sirri da ta neman fansa.

Saura tsohuwar kwamfutar da ba za ta ɗauki Windows 11 ba, don tana bukatar wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar da ba ta tsufa sosai ba. Ba dole a jefar da ita ba. Idan aikinta rubutu ne da shiga intanet, Linux Mint ko Ubuntu kyauta ne, ba su da nauyi, kuma manyan fitowarsu suna samun gyara na shekara biyar. Idan kuwa wata tsohuwar manhaja ko na'urar buga bana ce ta ɗaure ka da tsohuwar Windows, a raba kwamfutar da intanet, a daina soka mata filash ɗin kwastomomi, a nemi wata daban don harkar banki da saƙonni. Wanda kuma zai sayi ta hannu yanzu, kafin a yi ciniki ya sa mai sayarwa ya buɗe masa saiti, ya gani da idonsa wace Windows ce a kai, kuma yaushe aka yi mata sabuntawa ta ƙarshe.