OpenSea, Blur ko SuperRare: wace kasuwar NFT ce ke biyan mai zane?

Tambayar da ke yawan shigowa ita ce: wace kasuwa ce ta fi kyau in zan saya ko in sayar da NFT? To, amsar ta danganta da kai wane ne. Mai zane ne kai, ko ɗan kasuwa mai saye yau ya sayar gobe? Don kasuwannin nan kowace da wanda take yi wa aiki.

Mu fara da OpenSea, wadda Devin Finzer da Alex Atallah suka kafa a 2017. Ita ce babbar kasuwa mai ƙofa a buɗe. Ka haɗa walat ɗinka, ka ɗora zanenka, ka sa farashi, shi ke nan. Shekaru da dama la'adarta kashi 2.5 cikin ɗari ce, daga baya ta yi ta sauya ta. Amma buɗaɗɗiyar ƙofa kowa take shigarwa. A Janairun 2022 kamfanin da bakinsa ya ce sama da kashi 80 na abubuwan da aka ƙirƙira da manhajarsa ta kyauta, na sata ne ko jabu ko tarkace. Ka ga ke nan a can, duba adireshin kwantiragin tarin kafin ka biya ya zama dole.

Yanzu ga inda maganar take. Abin da ya jawo masu zane cikin NFT tun farko alkawari ɗaya ne: duk lokacin da aka sake sayar da aikinka, kana da kaso, sau da yawa kashi 5 zuwa 10. Mutane da yawa sun ɗauka wannan kason a jikin tokin yake, ba mai iya taɓa shi. A'a fa. A yawancin NFT, kasuwa ce ke cire shi ta tura maka. In ta ga dama ta daina, ta daina.

Haka kuwa aka yi. Blur ta fito a Oktoban 2022 ba tare da la'ada ba, tana kuma raba wa masu yawan ciniki tokin kyauta. An gina ta ne don 'yan kasuwa, shafinta ma cike yake da lambobi da jadawalin farashi, hoton zanen ɗan mitsitsi a gefe. Kason mai zane kuwa ta bar mafi ƙarancinsa a rabin kashi ɗaya. Masu ciniki suka kwasa suka koma can, har ta wuce OpenSea a yawan kuɗin da ke juyawa a farkon 2023. A Agustan shekarar OpenSea ta sanar cewa ita ma biyan kason zai zama na ganin dama. Ni a wurina, ranar ce aka gane wa ke da kasuwar. In kai mai juya kaya ne, Blur ta yi maka. In kai mai zane ne, ba kai aka gina wa ita ba.

Magic Eden ta taso a kan Solana a 2021, inda kuɗin gas bai taka kara ya karya ba, sannan a 2023 ta ƙara da Ordinals na Bitcoin. Ita ma a Oktoban 2022 ta mayar da kason na zaɓi.

Sai SuperRare, wadda ta fi kama da gidan baje kolin zane. Ba a shiga haka kawai, sai an tantance ka, kuma ta fi karkata ga aiki guda ɗaya tilo, ba tarin hotuna dubu goma ba. Tsarin da aka san ta da shi: tana ɗaukar kashi 15 a sayarwar farko, mai saye ya ƙara kashi 3, mai zane ya samu kashi 10 a duk sayarwa ta gaba. La'adar da tsada, e, amma masu saye a can zane suka zo nema. Nan ne Osinachi, ɗan Aba da ke zane da Microsoft Word, ya yi suna, kafin Christie's ta sayar da ayyukansa a 2021. Wahalarta kawai samun shiga.

Wanda yake farawa kuma aljihu ba nauyi, ya leƙa Objkt a kan Tezos. Kuɗin ɗora aiki ƙalilan ne, masu zane suna sayen na juna, sai dai farashin ma ƙanana ne. Kuma akwai darasi a tarihin wajen: a Nuwamban 2021 kasuwar Hic et Nunc ta rufe ba zato, amma ayyukan ba su ɓace ba, saboda tokin ɗin na cikin walat ɗin masu su, sai wasu shafuka suka ci gaba da nuna su. GameStop ma ta rufe tata kasuwar a farkon 2024. Don haka kafin ka saya, tambayi kanka: in shafin nan ya mutu gobe, abin yana hannuna ko yana hannunsu?

Abu na ƙarshe ga masu saye. Farashin da ka gani an liƙa ba shi ne abin da za a ba ka ba. Saƙon farko na Jack Dorsey a Twitter an saye shi kusan dala miliyan 2.9 a 2021. Da mai shi ya kai shi OpenSea a Afrilun 2022, tayin da ya samu a makon farko bai kai dala 300 ba. Ka duba tayin da ke ƙasa da yawan masu ciniki a makon, kar ka tsaya kan lambar da ke saman shafi.

A shiri na gaba za mu taɓa yadda ake wawushe walat da sa hannu ɗaya tak. Sai mun haɗu.