Farautar Misin a Garejin Kano

A garejin da ya amsa sunansa, ba a rugawa buɗe bonet don mota ta shigo. Mai mota zai faka a gindin darbejiya, a gaisa, a tambayi iyali da kasuwa, sannan ya ce, "Oga, tun shekaranjiya take misin, in na hau gada sai ta riƙa shaƙewa." Oga ba zai tashi daga benci ba. Iyaka ya ce, "Alhaji, tayar da ita mu ji." Injin mai silinda huɗu bi da bi yake bugawa, ɗaya, uku, huɗu, biyu, kuma da zarar guda ta ƙi kama wuta sai sautin ya riƙa ɗingishi, sitiyari na karkarwa. Dattawan da suka koyi aiki a kan Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da kunne aka horar da su kafin a miƙa musu sifana. Bayan ji, sai oga ya zagaya baya ya tara tafin hannu a bakin salansa, ya sunsuna. Warin ɗanyen fetur na nufin man ya fito bai ƙone ba, shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke shiga inda bai kamata ba, farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya yi zafi kuwa ba a son ganinsa.

Daga nan sai a kira yaro. Injin na aiki, za a riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka zare injin ya ƙara rikicewa, lafiyarta lau. Wadda aka zare bai ko kula ba, nan ɓarawon yake. Sabon yaro ake sa wa wannan aiki, kuma da gangan ba a gaya masa ya naɗe hannu da tsumma ko ya kama da filaya mai roba. Wuta ta fizge shi har gwiwar hannu, ya yi tsalle yana salati, manyan yara na ta shewa, oga na murmushi kamar bai san da maganar ba. Wasu na cewa mugunta ce, wasu na cewa karatu ne da ba a mantawa. Ni dai ban taɓa ganin makaniken da ya ba da labarin tasa ranar da ɓacin rai ba. Da dariya suke bayarwa, har da kwaikwayon tsallen.

Fulogin da aka kwance, hannun oga ake kai wa, ya juya shi a rana. In bakinsa ya yi ruwan ƙasa, babu laifi. Baƙin toka busasshe, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. In ya jiƙe da maiƙo, ringi ya gaji. Wanda ya fi tsorata mai mota shi ne wanda ya fito fes kamar an wanke shi alhali 'yan'uwansa na da datti, don sau da yawa ruwa ne ya samu hanya ta gasket. A nan ake sa-in-sa tsakanin garejoji. Akwai masu zuba wa fulogi fetur su cinna masa ashana, su goge da samfefa, su gyara tazarar bakinsa su mayar. Akwai masu cewa wannan yaudarar kai ce, sati biyu motar za ta dawo. Su biyun suna da gaskiya, ya danganta da aljihun da ke tsaye a gabansu.

Ka'idar da ba a rubuta ba ita ce a fara da mai araha: wuta tukuna, sannan mai, sannan matsin silinda. Ana toshe ramin fulogi da babban yatsa a yi sitata, in iska ba ta ture yatsan ba, to magana ta kai ga bawul ko ringi. Makaniken kirki ba ya saurin cewa a buɗe kan injin, kuma wanda ya fara da wannan kalma, tsofaffi ba sa ganinsa da gashi. In sayayya ta kama, yaro ne zai hau babur zuwa Ƙofar Ruwa da tsohon kayan a aljihu don a gwada, a dawo ana muhawara kan ɗan Baljiyam da sabo na kwali. Tsohon da aka cire kuwa a but ɗin mai mota ake sa shi, ko bai tambaya ba.

Motocin da ke shigowa yanzu sun canja lissafi. Babu kafireta, babu distirbuta. Nozul ne ke fesa mai, kowane fulogi da kwayil ɗinsa a kai. Tun 1996 motocin kasuwar Amurka ke zuwa da wurin jona na'ura a ƙasan sitiyari, sai ga matashi da jakarsa ya jona, ya karanto P0302, ya ce silinda ta biyu ce, ya karɓi kuɗinsa kafin a taɓa ko noti. Ba na raina na'urar. Amma silinda kawai take nunawa, ba ta faɗin dalili, shi ya sa har yau sai an koma dabarar gargajiya: a sauya kwayil na biyu da na uku, a ga ko ciwon ya bi shi. Abin da ke ba ni takaici shi ne yaran da ke canja fulogi huɗu da kwayil huɗu lokaci guda, alhali tiyon iska ne ya tsage. A farkon 2022, da gurɓataccen fetur mai yawan methanol ya shigo ƙasar, masu sunsuna tanki ne suka riga gane inda matsalar take.

In an gama, oga da kansa yake fita gwaji, ya taka totur a titi mai tsawo, ya dawo ya bar ta a tsaye tana aiki, kowa ya yi shiru. Sai Alhaji ya ce, "Nawa ne, Oga?" Shi kuma ya ce, "Haba Alhaji, ba da abin da ya sawwaƙa," duk da kowa ya san farashin. Na yara daban ake bayarwa, kuma babban yaro ke rabawa.