Tseren Babura A Tsibirin Man

A tsakiyar bahar da ke tsakanin Ingila da Ayalan akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Man, jama'arsa kamar dubu 84 ne. Kadan watan Mayu ya zo ƙarshe, baƙi wajen dubu 40 sukan ƙetara can, da yawansu cikin jirgin ruwa daga Libaful, kowa da baburinsa, domin kallon tseren da ake ce wa TT. Masauki kan ƙare tun da wuri, har mutanen gari su buɗe wa baƙi ɗakunansu, waɗansu kuwa su kafa tanti a fili.

Asalin al'amarin shi ne, dokar Ingila ta 1903 ta hana mota wuce mil 20 a sa'a guda. Amma tsibirin nan yana da majalisa tasa ta kansa, ita ce ta yi doka a 1904 ta halatta rufe hanyoyi saboda tsere. Aka soma na babura a 1907, kana a 1911 aka koma hanyar da ke bi ta dutsen Snaefell, wadda kewayenta ya kusa mil 38, da kwana fiye da 200.

To, a nan ne baƙo yake shan mamaki. Ba wani fili aka gina domin tsere ba, hanyar kowa da kowa ce, wadda ake bi zuwa kasuwa da makaranta. Ga bangayen dutse, ga turakun waya, ga ƙofofin gidajen mutane, duk a bakin hanya. Galibin wurare ba a biyan ko kwabo. Mai kallo zai sami tudu ya zauna, rediyo a kunne, ba abin da ya raba shi da kwalta sai ɗan shinge. Mahayan ba su tashi tare, ɗai ɗai ake sakinsu, daƙiƙa 10 tsakani. Sai ya ji ƙara daga nesa, kafin ya waiwaya iska ta buge shi, mahayin ya ɓace. A 1957 Bob McIntyre ya fara kewaye hanyar da gudun da ya haura mil 100 a sa'a, duniya ta yi ta al'ajabi. A 2023 Peter Hickman ya haura mil 136, watau ya gama kewayen cikin minti 16 da daƙiƙa 36.

Amma fa wannan nishaɗi da rayukan mutane ake sayensa, kuma bai kamata mai niyyar tafiya ya jahilci haka ba. Tun daga 1911 mahaya fiye da 260 suka halaka a kan wannan hanya, shida daga cikinsu a tseren 2022 kaɗai. Kadan aka ɗaga jar tuta aka tsai da tsere, sai tudun nan ya yi tsit, kowa ya kasa kunne ya ji lambar wa ce ba ta iso ba. Gwanin Italiya, Giacomo Agostini, da abokinsa Gilberto Parlotti ya rasu a can a 1972, ya ce shi da tseren nan har abada. Manyan mahaya suka bi sahunsa, bayan 1976 aka fid da TT daga gasar duniya. Masu kāre shi suna cewa ba wanda aka tilasta wa, hujjar tasu kuwa ba ta share hawayen marayu ba.

Duk da haka akwai gidan da ya gāji abin, gidan Dunlop na Ayalan ta Arewa. Joey ya ci TT sau 26, ya rasu a wani tsere a Estoniya a 2000. Ƙanensa Robert ya rasu a kan babur a 2008, ɗan Robert, William, a 2018. Wani ɗan nasa, Michael, bai sauka ba, har a 2024 ya zarce adadin baffansa. A kan dutsen, wurin da ake kira Bungalow, an kafa siffar Joey ta tagulla bisa babur, baƙi kan tsaya nan su tuɓe hular kwano kafin su gangara Douglas su kama jirgi.