Mesar da Turawa ke kiwo a ɗaka: yawan kai-komonta lafiya ce ko damuwa?

A Amurka da ƙasashen Turai akwai wata ƴar ƙaramar mesa da ta zama abin kiwon gida, ana saye da sayar da ita kamar kyanwa ko aku. Masana kimiyya na kiran ta Python regius, masu Faransanci kuma "python royal". Asalinta nan Afirka ne, daga Senegal har zuwa Sudan ta Kudu da Yuganda, kuma maƙwabciyarmu Benin, da Togo, da Gana su ne manyan ƙasashen da ke fitar da ita. Ƙididdigar cinikin namun daji ta nuna an fitar da fiye da miliyan 3 daga yankin tun shekarar 1975.

Tambayar da ta raba kan masu kiwonta ita ce: idan wannan mesa ta shiga yawo cikin akwatinta, tana hawa tana sauka, tana leƙen kowace kusurwa, jin daɗi take yi ko wani abu ne ke damun ta? Amsar tana da nauyi, domin a kanta ne ake yanke irin mazaunin da za a ba dabbar da kan yi shekara 20 zuwa 30 a hannun mutum.

Ga Bahaushe abin zai zo da mamaki. Mu da muka tashi da labarin kububuwa da kasa da gamsheƙa, muka kuma san cewa wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, wuya ne mu ga dalilin da zai sa mutum ya kwana ɗaki ɗaya da maciji, in ba gardi ba. Sai dai wannan mesa ba ta da dafi, tsawonta yawanci bai wuce mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, kuma ba ta da faɗa. In ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo, ta cusa kanta a tsakiya. Daga nan ta samo sunanta na Ingilishi. A garin Wida na Benin har ɗakin bauta aka gina mata, inda ake barin ta tana yawo ba mai taɓa ta.

Yadda take rayuwa a daji

A dajinta, wannan mesa mai son ɓuya ce. Da rana tana kwance cikin ramin ɓera ko na gafiya, ko cikin suri, inda zafi bai kai na waje ba kuma akwai ɗan laima. Sai magariba ta yi take fitowa. Tana gane abin farauta ta hanyoyi biyu: da harshenta mai baki biyu, wanda take fitarwa ta ɗebo ƙamshi ta kai shi wata gaɓa da ke cikin dasashinta na sama, da kuma wasu ƴan ramuka da ke jere bisa leɓenta, masu jin ɗumin jikin ɓera ko cikin duhu. A tsakiyar rani takan lafe cikin rami tsawon lokaci ba ta fito ba.

Wannan ɗabi'a ce ta sa manyan masu kiwo na Amurka da Turai suka daɗe suna cewa mesar da ke ɓoye ita ce mai kwanciyar hankali, wadda ke yawo kuwa tana cikin damuwa. A bisa wannan fahimta suke ajiye ta cikin akwatunan roba masu kama da durowa, a jere bisa kanta, ɗaruruwa cikin ɗaki guda. Cikin kowace durowa ba komai sai shimfiɗa da kwanon ruwa, wani lokaci da ɗan maɓoya. Hujjarsu ita ce durowar ta yi kama da rami, kuma macizan na cin abinci, suna saɓa, suna hayayyafa a ciki.

Amma rami ba shi ne dukan rayuwarta ba. Binciken da Luca Luiselli da Francesco Angelici suka buga a 1998, kan macizan da suka kama a kudu maso gabashin Najeriya, ya nuna cewa mazan sun fi cin tsuntsaye, matan kuma sun fi cin ɓeraye. Macijin da ke yawan cin tsuntsu lallai yana hawa itace. Ke nan dabbar da aka ce ba ta san komai ba sai kwanciya, tana da dare guda cur na yawo da hawa.

A shekarar 2021 wasu masu bincike na jami'ar Munik ta Jamus suka gwada abin kai tsaye. Sun ɗauki mesa 35, suka ajiye su cikin durowa, daga baya suka mayar da su manyan akwatuna masu reshen hawa, da wurin wanka, da fitilar ɗumi, suna ɗaukar hoton bidiyo dare da rana. A babban akwati macizan sun yi ta hawa, suna shan ɗumi, suna shiga ruwa. A durowa kuwa an fi ganin su suna tura baki jikin bango, halin da masu binciken suka lissafa cikin ɗabi'un da ba na lafiya ba. A ganina wannan ya raunana hujjar masu durowa ƙwarai. Cin abinci da haihuwa shaida ce cewa dabba na raye, amma akuyar da aka ɗaure a turke shekara guda ita ma tana ci tana haihuwa.

Motsi iri biyu ne

To amma kada a ɗauka duk motsi alheri ne. Abin da likitocin dabbobi da gogaggun masu kiwo suka fi dubawa shi ne lokacin da take motsin da kuma yadda take yin sa.

Mesar da ke lafiya kan fito bayan faɗuwar rana, ta yi tafiyarta a hankali, jiki sake, harshe na fita a natse. Ta hau reshe, ta sauko, ta sha ruwa, ta koma maɓoyarta kafin gari ya waye. Wani lokaci takan fito da kai kawai daga bakin maɓoya ta tsaya cik, wuya a lanƙwashe: kwanton ɓauna take yi, yunwa ce ke magana. Namiji kan ƙara yawo lokacin barbara, har ya ƙi abinci na watanni ba tare da ya rame sosai ba. Ita ma wadda aka sauya wa sabon akwati takan yi kwanaki tana zagaya shi kafin ta natsu. Duk waɗannan ba abin tada hankali ba ne.

Wadda ke cikin damuwa kuwa, da rana tsaka za a gan ta tana zirga-zirga ba hutu, tana bin jikin gilashi daga wannan gefe zuwa wancan, tana miƙewa tana tura murfi da hanci, ta faɗo, ta sake miƙewa. Masanin dabbobi masu jan ciki ɗan Birtaniya, Clifford Warwick, da abokan aikinsa sun sa wannan nacin tunkuɗar gilashi cikin alamun damuwa a wani rubutu da suka fitar a 2013. Maciji bai san gilashi ba, a dajinsa duk inda ido ya wuce jiki ma yana wucewa. In abin ya daɗe, hancin kan goge har ya yi gyambo. Wannan ba yawon buɗe ido ba ne, neman hanyar tsira ce.

Sau da yawa laifin na mazauni ne, kuma zafi ne kan gaba. Maciji ba ya samar da ɗumin jikinsa da kansa, wurin da yake ne ke ɗumama shi ko sanyaya shi. Shi ya sa ake so akwati ya kasance da gefe mai ɗumi, wajen digiri 31 zuwa 32, da gefe mai sanyi, wajen 25 zuwa 27, domin ta zaɓi inda take so. In ko'ina ya ɗau zafi, ba ta da sauran dabara sai neman fita. A nan wanda ke zaune a Yamai ko Tawa ya kamata ya yi tunani sau biyu: a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, akwatin gilashi cikin ɗakin kwano na iya kashe ta, musamman in wuta ta ɗauke. A daji da ta shige rami ta tsira.

Sai maganar laima. Ana so danshin iskar akwati ya kai kashi 60 cikin 100 ko sama da haka, a ƙara lokacin saɓa. In iska ta bushe, kamar yadda take yi a hunturu, tsohuwar fata kan manne, har da ta kan ido. Kafin saɓa idanun kan yi fari-fari kamar da hazo, mesar ta ɓuya ta ƙi abinci, bayan ƴan kwanaki kuma ta fito tana goga fuska jikin itace ko dutse don fatar ta tsage. Wannan gogar ta kwana ɗaya ce ko biyu, ba a haɗa ta da waccan ta nacin fita.

Rashin maɓoya ma na hana ta sakat. Babban akwati fayau, ba ganye ba kogo, ya fi ƙaramar durowa tsorata ta, kuma a nan masu durowa na da gaskiyarsu. Maɓoya biyu ake so aƙalla, ɗaya a gefen ɗumi ɗaya a gefen sanyi, kowace ta matse jikinta, don kada ta zaɓi tsakanin ɓuya da shan ɗumi. Akwai kuma wasu ƴan ƙwari baƙaƙe masu shan jini, ƙanana kamar ƙwayar barkonon da aka daka, da ke shiga ƙarƙashin ɓawon fata. Mesar da suka kama takan yi ta murza jiki ko ta wuni cikin kwanon ruwa.

Akwai alamun da ba a jira da su: numfashi da baki buɗe, majina ko kumfa a baki, ƙarar shaƙa, ɗaga kai sama a sandare, ko kasa juyowa in an kifar da ita. Waɗannan na likitan dabbobi ne nan take. Kuma shirun ma ba kullum lafiya ba ne, domin mesar da ta yi makonni ba ta leƙo ba ko da dare, tana ramewa, tana iya zama marar lafiya ko wadda tsoro ya hana fitowa.

Daga rami zuwa jirgin sama

Duk da cewa yanzu ana hayayyafa da yawansu a Amurka da Turai, har da masu launuka iri-iri da ake sayarwa da tsada, ana ci gaba da ɗebowa daga Afirka ta Yamma. A Togo da Benin mafarauta kan haƙa ramuka da rani su kwaso mata masu ciki da ƙwai, mace guda kan yi ƙwai 3 zuwa 11, a kai gonakin macizai a ƙyanƙyashe, sannan a loda ƴaƴan a jirgi. Cinikin na ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a Washintan a 1973, kuma Nijar na cikinta: ba a fitar da wannan mesa daga ƙasa sai da takardar izini. A sabon lissafinta, ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN ta ɗaga ta zuwa rukunin dabbobin da ke dab da shiga barazana.

Wadda ta tsira daga wannan tafiya na iya daɗewa fiye da yadda mai sayenta ya zata. A 2020 gidan namun daji na Saint Louis da ke Amurka ya sanar cewa wata mesarsa mai kimanin shekara 62 ta yi ƙwai 7, alhali ta fi shekara 15 ba ta haɗu da namiji ba.