Minti Nawa Motar Asibiti Ke Yi Kafin Ta Iso?

Idan zuciyar mutum ta tsaya, ƙwaƙwalwarsa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6, saboda rashin iskar da jini ke kai mata. Wannan ne ya sa masana ke auna aikin agajin gaggawa da agogo, ba da yawan motocin da aka saya ba.

A Kaduna ta Kudu lissafin yana da wuyar sha'ani. Babban asibitin Gwamna Awan da na St. Gerard suna wajen Kakuri, amma asibitin koyarwa na Barau Dikko yana ƙetaren kogi. Wanda ya yi mummunan haɗari a Gonin Gora, a kan hanyar Abuja, wani lokaci sai an haye da shi gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello, inda motoci kan cushe safe da yamma. Saboda haka ba lokaci ɗaya ake rubutawa ba. Akwai sa'ad da aka buga 112, ko 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da sa'ad da mota ta tashi, da isarta wurin majinyaci, sa'an nan da miƙa shi hannun likita. Kowane giɓi da irin cutarsa: jinkirin tashi yakan nuna rashin mai ko direba, jinkirin isa kuwa cunkoso ne, ko layin da ba shi da suna.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen haɗa alƙaluman. Alal misali, a ce an yi kira 10. An isa wurin mutum 8 cikin minti 6 kowanne, sauran 2 kuwa, na can bayan Sabon Tasha, sai bayan minti 41. Jimla minti 130 ke nan, matsakaici 13. A takarda abin ya yi kyau, alhali kuwa babu ko mutum ɗaya da ya jira minti 13, kuma mutanen nan 2 sun ɓace a cikin lissafi. Maganin wannan shi ne a jera lokutan daga ƙarami zuwa babba, a dubi na 9, wato lokacin da aka isa wurin kashi 90 cikin 100 na masu kira. A nan amsar 41 ce. Ingila tana amfani da ma'aunin biyu tun 2017: ga wanda ransa ke cikin haɗari, matsakaici minti 7, kashi 90 kuma cikin minti 15.

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar majinyacin gaggawa. Sai dai da yawa a Keke Napep ko motar maƙwabci ake kai su, ba sa shiga rajistar motar asibiti sam. Kafin a san adadinsu, dole ma'aikacin da ke karɓar majinyata ya riƙa tambayar abin da ya kawo kowa, da ƙarfe nawa abin ya faru, ya rubuta.